Gaba Ja, Baya Shuɗi

Matar ta riƙe ƙarfen da ke bayan motar da hannu biyu, ta ƙi saki.

A haka Auta ya same ta da ya fito daga shagon yayarsa, rungume da tulin bokitan roba. Gajera ce, da tef ɗin awo rataye a wuyanta, da guntayen zare a jikin mayafi. Ba kuka take yi ba. Ƙarfen kawai take kallo, tana shafa shi da babban yatsa.

"Baiwar Allah, lafiya?"

"Ina kuka samo wannan?"

"Motar? Saya muka yi."

"Ba motar ba. Wannan."

'Yar matakala ce da aka yi wa walda a ƙasan murfin baya na a-kori-kurar, baƙin ƙarfe mai huda-huda da zanen furanni. Auta ya gan ta tun ranar ciniki, ya ɗauka ado ne irin na direbobi.

"Matakin kekena ne," in ji ta. "Keken ɗinkina na fari. Da ya lalace maigidana ya cire matakin ya kai wa mai walda, wai don in daina rataya kamar biri duk sanda zan hau motarsa. Ka ga inda ya ɓalle a gefen nan? A hannuna ya ɓalle."

"To ai shi ke nan, tsohuwar motarsa muka saya. Sai ki gaya masa tana hannu nagari."

"A cikinta ya rasu."

Yaya ta fito daga shago tana goge hannu da gefen zane. Ta ji ƙarshen maganar.

"Allah ya jiƙansa," in ji Yaya. "Amma 'yar'uwa, ko dai kama ce?"

"Tirela ce ta hau kansa. Na je na ga motar da idona inda aka ja ta aka ajiye. Babu gaba. Sitiyari ya manne da kujera, sai da aka kira masu yankan ƙarfe kafin a fitar da shi. Shuɗiya ce tasa."

"Wannan fara ce," in ji Auta, kamar ya kashe magana.

Telar ta saki ƙarfen. Ta zaro ƙaramin almakashi daga jakarta, ta duƙa, ta kankare fentin da ke ƙasan murfin. Farin ya zube kamar gari. Shuɗi ya leƙo.

Yaya ta miƙa hannu aka ba ta almakashin. Ta zagaya gaba, ta buɗe ƙofar direba, ta kankare can ciki kusa da maƙalin ƙofar.

Ja ne ya fito.

Su ukun suka tsaya. Auta ya dubi gaba, ya dubi baya. Bokitan na nan a hannunsa, ya manta ya ajiye.

* * *

Shi ya zaɓi motar. Ya dawo daga karatu a wata ƙasa mai nisa da takardar da har yanzu ba wanda ya nemi ya gani. A tsakanin nan aka sayar da filin mahaifinsu aka raba gado. Nasa kason ya tafi wajen biyan abin da ya rage na makaranta. Yaya kuwa ta ƙi barin nata ya kwana a hannu, don kullum abin da kuɗi ke saye raguwa yake yi. Mijinta na kwance tun da ɓarin jikinsa ya shanye, shagon kayan roba ne ke riƙe da gidan, kuma rabin ribar a kuɗin motar haya yake ƙarewa, tsakanin babbar kasuwar bayan gari da shagon.

"Kai ka yi karatu," ta ce masa. "Ka zaɓo mini wadda za ta ɗauki kaya, wadda kuma in abu ya taso zan sayar ban faɗi ba."

Ya yi makonni kansa a cikin waya. Ya karanta wace iri ce ke riƙe darajarta, wacce ce ake samun kayan gyaranta a kowane lungu, wacce ce ke shan mai kamar da gayya. Ya je gidan sayar da sababbi, inda sanyin na'ura ya ratsa shi, aka faɗa masa kuɗin ɗaya, ya tambaya ko na biyu ne. Daga nan ya nufi filin Dogo dillali, inda ake jera na hannu a ƙarƙashin rumfar kwano.

A can inda ya yi karatu, mota na fita daga gidan sayarwa take fara faɗuwa. Dogo ya yi dariya da ya ji haka.

"Dokta, a nan mota ba ta faɗuwa. Kuɗi ne ke faɗuwa. Ka saya yau, ka more ta shekara biyu, ka sayar ka ci riba."

Auta ya duba duk abin da aka rubuta a duba. Ya duba mita, ya duba hayaƙi, ya zaro ma'aunin mai ya shinshina, ya haska lambar inji da fitilar waya ya gwada da takardu. Komai ya yi daidai. Babu inda aka rubuta cewa mutum ya tambaya ko motar ɗaya ce.

* * *

Bakaniken unguwarsu ya sa aka hau da ita kan rami, ya sauka da tocila, ya kira Auta ya biyo shi.

"Da akwatin baya kawai aka ɗora mata, da na ce ku je gida ku sha ruwan sanyi. Kullum ana yi." Ya buga wasu dogayen ƙarafa biyu da suka taso tun daga inji har ƙarshen motar. "Waɗannan su ne ƙashin bayanta. Duba nan."

Ya sa sukundireba ya ɓamɓare kwaltar da aka shafa a tsakiya. A ƙarƙashi akwai tabon walda, ya zagaye ƙarfen kamar ɗinki. Ɗaya gefen ma haka.

"An yanka nan, an yanka can, an haɗa. Ja gabanta ya tsira, shuɗiya bayanta ya tsira."

"Za ta karye?"

"Wa ya sani?"

"Ai kai ne bakanike."

"Bakanike ne ni, ba mai duba ba. Na ga irinta ta yi shekara da shekaru tana aiki. Na kuma ga wadda ta rabe a gangare da buhunan siminti. Gaba ya yi gaba abinsa, baya ya tsaya."

"Akwai mutane?"

"A kan buhunan, e." Ya sake shafa tabon, ya gyaɗa kai. "Amma fa wanda ya yi wannan, hannunsa na da kyau."

Auta bai san ko murna zai yi da wannan ba.

"A gyara fa?"

"A sake ƙashin baya? Sayen wata motar ya fi muku arha."

* * *

Ya je filin Dogo da shirin faɗa. Tun daga nesa Dogo ya buɗe hannu.

"Dokta! Ina Hajiya? Ina farar amarya?"

Auta ya faɗa masa komai a tsaye. Dogo ya saurara yana sakace haƙori.

"To. Ni ban yanka ba, ban haɗa ba. Yadda ta zo mini haka na ba ku. Ka duba ko ba ka duba ba? Har da waya kana haskawa, yaran nan suna cewa likitan mota ya zo."

"Ka karɓi motarka."

"Motata? Sunan wa ke kan takarda?" Ya jawo benci da ƙafa. "Zauna, Dokta, ka daina tada jijiyar wuya. Ka san nawa irinta take a yau? Ta tashi. Ku kawo ta in sayar muku, uwar kuɗi ta dawo har da ɗan abin shan ruwa. Sai dai a cire ƙarfen nan na baya. Surutu ya yi masa yawa."

"A sayar wa wa?"

"Wanda Allah ya kawo."

"In ta karye da shi fa?"

"Ku ta karye da ku?"

"A'a."

"To."

Auta ya bar filin. Ya zo neman hakki, an yi masa tayin riba. Daga nan ya wuce ofishin da ake duba lafiyar motoci. Wani jami'i ya fito ya gwada lambar inji da ta ƙarfen gaba da abin da ke takarda.

"Takardunku lafiya lau."

"Bayan fa?"

"Baya ba shi da lamba." Jami'in ya dube shi da tausayi. "In kana so in rubuta, zan rubuta. Amma in na rubuta, motar ta kwana nan ke nan, kuma ba ranar fita. Taka ce?"

"Ta yayata ce."

"To je ka tambaye ta tukuna."

* * *

Aka zauna a tsakar gidan Inna, mahaifiyarsu. Kawu, ƙaninta, ya zo da kujerarsa ta roba. Yaya ta zauna a bakin ƙofa.

"Ni fa ban gane ba," in ji Inna. "Motar ɗaya ce ko biyu?"

"Ɗaya ce, Inna. Amma biyu ce."

"To in biyu ce ai ku kuka ci riba."

Kawu ya kwashe da dariya. Auta ya bari ya gama, sannan ya faɗi abin da ya kwana da shi: a kai ta wa masu yankan ƙarfe, a sayar da inji daban, tayoyi daban, sauran a auna a kilo.

"Me zai dawo?" in ji Kawu.

"Ba yawa."

"Ba yawa." Kawu ya juya ga Inna. "Kin ji ɗanki. Shi aka tura ya zaɓo, ya zaɓo mana gawa biyu a likkafani ɗaya, yanzu kuma yana so ya yi kirki. Da kuɗin wa, ɗana? Gadon yayarka ne fa. Miji a kwance, yara a makaranta. Ka biya ta abin da ta zuba, ka je ka ƙone motar in ka ga dama, ni zan ba ka ashana."

Auta ya dubi ƙasa. Ba shi da ko kuɗin taya ɗaya.

"Ita aka cuta," Kawu ya ci gaba. "Wanda ya yanka yana yawonsa, dillali yana yawonsa, na ofis ya ce lafiya lau. Sai ita kaɗai za ta ɗauki asarar gari?"

Auta ya nemi inda maganar ta karkace, bai samu ba. Ya san akwai, amma bai samu ba.

Inna ta ɗago kai daga tsintar da take ɗaurewa.

"Shi mai jar motar fa? Shi ma ya mutu?"

Ba wanda ya taɓa tunanin mai jar. Kawu ya gyara zama. Yaya ta dubi tafin hannunta.

A ƙarshe aka tsaya a tsakiya: za a sayar, amma Auta zai faɗa wa mai saye gaskiya. Kawu ya ɗauki kujerarsa yana cewa, "Mu gani a ƙasa."

* * *

Wanda ya fara zuwa mai gidan burodi ne, cikin farar riga mai sitaci. Ya zagaya motar, ya ji ƙarar inji, ya yi tayi mai kyau. Auta ya ce masa motar haɗi ce, ya bayyana masa inda aka yanka.

Mutumin ya yi murmushi. "Wani ya ba ka fiye da nawa, ko? Faɗa mini kawai. Na ƙara."

"Ba haka ba ne. Leƙa ƙasa ka gani."

"Da wannan rigar? Ka ga, samari, tun da nake ban taɓa ganin mai mota yana zagin motarsa ba. In ba ka son sayar mini, ka ce ba ka so." Ya sake ƙara kuɗi, Auta ya sake bayani, ya tafi a fusace yana cewa yaran yanzu ba su da kunya.

Na biyu saurayi ne mai waya biyu. Shi bai yi musu ba. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, ya daɗe, ya fito yana kakkaɓe wando da fara'a.

"Gaskiyarka, maigida. Allah ya yi maka albarka, irinku sun yi ƙaranci. Zan ba da rabi."

"Me za ka yi da ita?"

"In sake shafa kwalta in sayar mana."

Auta ya tsaya da makulli a hannu. In ya yi shiru, wani zai hau ta bai sani ba. In ya yi magana, wani zai hau ta bai sani ba, sai dai ribar ta koma aljihun mai waya biyu. Ya juya lissafin ta kowace fuska, abu ɗaya yake ba shi.

Motar ta zauna a ƙofar shago, ƙura na hawa kanta. Yaya ta hana a tashe ta. Kaya suka fara ƙarewa a kan kanta.

* * *

Wata safiya ya shiga gidan Yaya ya same ta tana ba mijinta shayi da cokali. Ba ta waiwayo ba.

"Na kira Dogo."

"Yaya."

"Kada ka ce mini Yaya da wannan muryar. Na ba ka lokaci, ban ce maka uffan ba." Ta goge wa mijin gefen baki. "Na ce masa ya kai ta nesa, inda ba za mu taɓa jin labarinta ba. Ya rantse."

"Can nesan ma mutane ne."

"Na sani. Kana tsammani ban sani ba?" Cokalin ya bugi kofi. "Ka kawo mini wata hanya, Auta. Wallahi in ka kawo zan bi."

Mijin yana kallonsu da ido ɗaya mai motsi.

Kafin a zo ɗaukar motar, Yaya ta sa mai walda ya yanke matakin. Ta naɗe shi cikin tsohon zane, suka tafi tare da Auta shagon telar, wani ɗan ɗaki a bayan kantin magani. Telar ta warware zanen, ta daɗe tana kallo, sannan ta tura ƙarfen ƙarƙashin tebur, kusa da ƙafarta.

"Na gode. Motar fa?"

"An sayar," in ji Yaya.

Telar ta dubi Yaya, ta dubi Auta. Ta jawo wata riga ta sa a bakin allura, ta taka keke. Ƙarar ta cika ɗakin. Suka ɗan tsaya, sannan suka fita.

Dogo ya cika alkawarin kuɗi. Uwar kuɗi ta dawo, har da riba. Sai dai a ranar da kuɗin ya shigo, ya riga ya kasa sayen wata irinta. Yaya ta zuba shi a kaya, ta koma hawa motar haya.

* * *

Bayan 'yan makonni Auta ya rako ta tasha da safe, yana ɗauke mata da buhunan da za ta zubo kaya. Mata 'yan kasuwa sun cika wurin, kowa da kwandonta. Motocin babbar kasuwa a-kori-kura ne duka, an jera musu bencin ƙarfe a baya.

Wadda ke kan layi koriya ce, fentinta na sheƙi. Direban na goge gilashi yana yi wa abokansa kirari da ita.

"Sabuwar shigowa ce, daga waje! Ko mako ba ta yi a hannun dillali ba."

Wata gajeriyar mata ta kama murfin baya tana neman inda za ta sa ƙafa, ta rasa, sai da biyu daga sama suka jawo ta suna dariya. Idon Auta ya sauka inda ƙafarta ta zame. Guntayen ƙarfe biyu ne a wurin, an yanke su da injin walda, an shafe su da kore.

Ya juya. Yaya ta riga shi gani.

"Ku sauka!" Muryarsa ta fita da ƙarfin da bai yi niyya ba. "Motar nan haɗi ce. An yanke ta a tsakiya an yi mata walda."

Matan suka waiwayo. Ɗan kamashon da ke loda motar ya matso yana kaɗa kuɗi tsakanin yatsu.

"Malam, in ba ka da na mota ka matsa gefe."

"Wallahi na san ta. Gabanta ja ne, bayanta shuɗi."

"Ga ta kuma koriya," in ji wata daga sama. "Ɗan nan, ka karya kumallo kuwa?"

Aka fashe da dariya. Wata tsohuwa da ke gyara kwando a cinyarta ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Wacce ce ba haɗi ba?"

Yaya ta karɓi buhunan daga hannunsa, ta jefa su ciki. Ta kama murfin, ta ɗaga ƙafa.

"Yaya, sauko."

"In sauko in hau wacce?" Ta nuna ta bayanta da haɓa, ta nuna ta bayan wannan. "Ka leƙa ƙarƙashin waccan? Ko waccan?"

"Wannan dai mun sani."

"To ai gara ita. Na san inda aka ɗinke ta."

Aka matsa mata wuri a gaba, kusa da kan motar, inda girgiza ba ta da yawa. Ta ƙi. Ta zauna a can ƙarshen benci, ta jingina da murfin baya.

"Bayan nan ya taɓa tsira sau ɗaya," in ji ta.

Bai gane ko wasa take yi ba. Fuskarta ba ta nuna ba. Ta ciro makullin shago ta miƙo masa.

"Je ka buɗe. In mai bokiti ya zo, kada ka rage masa."

Ɗan kamashon ya ƙara cusa mata biyu, ya ɗora buhu a kan ƙafafunsu, ya buga jikin motar da tafin hannu. Motar ta tashi a hankali, bayanta ya lotsa saboda nauyi, ta hau hanyar da ruwa ya cinye.

Auta ya tsaya da makulli a hannu. Ba Yaya yake kallo ba. Ɗan tsakanin da ke raba kan motar da akwatin baya yake kallo. Duk ramin da ta faɗa sai ya buɗe, in ta fito ya rufe, kamar bakin da ke son ya faɗi wani abu yana fasawa. Yana nan yana buɗewa yana rufewa har motar ta sha kwana.